Yadda za ku zaɓi manhajar bincike ta kyauta ga laburarenku, cikin gida da kan intanet

Wata ɗaliba ta shigo mini da hantsi cikin zafin watan Afrilu, ta sha tahiya daga unguwar Ali Dan Sofo ta nan Maradi, tana neman memuwar da wani ya rubuta kan ƙwarin da ke cin wake a wajen Gidan Rumji. Malaminta ne ya ce mata akwai shi wurinmu, kuma gaskiya ya faɗa, akwai shi, ni da hannuna na yi mishi sikan. Ta zauna gaban kwamfuta ta buga Gidan Rumji, ba komi. Ta buga kwari, ba komi. Ta juyo ta ce malam ai babu. Takardar tana nan cikin injin, amma a cikinta Guidan Roumdji aka rubuta, wake kuma niébé aka sa, ɗan taƙaitaccen bayanin Hausa da ke ƙarshe kuma ƙwari ne da ƙ mai lanƙwasa. Da ba na wurin ran nan da yarinyar ta koma gida hannu wofi, kuma tun daga lokacin na daina tambayar wace manhaja ta fi suna a duniya, abin da nake tambaya shi ne wacce za ta iya nemo takardunmu da irin rubutun da mutanenmu ke bugawa.

To ƴan uwa masu aikin laburare, kafin a kai ga sunayen manhajoji, ka ɗauki bik da takarda ka rubuta mi kake so a nemo. Abu uku ne mutane ke haɗawa wuri guda alhali ba ɗaya suke ba. Akwai katalog, wato sunan littafi da marubuci da lambar kanta da ko an ara ko shina nan. Akwai cikin takardun kansu, memuwar da rahoto da tsofaffin jaridu, PDF da Word da ke zube cikin dosiye a sabar. Sai kuma shafinku na intanet, wanda kowa ke gani daga waje. In matsalarka katalog ce kawai, kar ka wahal da kanka, Koha da PMB duka suna zuwa da bincikensu. Koha a ƙasar Niyuzilan aka ƙirƙire ta, ta fara aiki a 2000, tana bincike da injin Zebra ko kuma Elasticsearch in ka zaɓa. PMB ta Faransa ce, da PHP da MySQL take tahiya, kuma a ƙasashenmu masu Faransanci ka fi saurin samun wanda ya taɓa riƙe ta. In kuwa memuwar da tez ne suka yi muku yawa, ku dubi DSpace, wadda jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP suka fitar a 2002, da injin Solr take bincike, amma tun siga ta 7 sai ka girka mata shi daban. Sau da yawa mutum na da injin bincike mai kyau cikin abin da ya riga ya girka, gyaran saiti kawai ya rage mishi.

Wahalar tana farawa ne in kana son akwati ɗaya da zai nemo duka ukun, ko kuma dosiye sun taru shekara da shekaru a rezon cikin gida ba wanda ya san mi ke ina.

Akwai abin da ba a faɗa wa mutane da wuri, shi ne manyan injinan nan ba sa tahiya da kansu su tattaro takardu. Solr, OpenSearch, Meilisearch, Typesense, duka jira suke a kawo musu. Aikin kashi uku ne: ɗan zagaye da ke bin shafuka da dosiye shina kwasowa, sai mai tatso rubutu daga cikin PDF da Word, wanda galibi Apache Tika ne, sannan injin da ke gina fihirisa, wato jerin kalmomi da takardun da suke ciki, ya amsa tambaya. Akwatin da mai karatu zai buga a ciki ma wani aiki ne daban. Na ga wanda ya kwana biyu shina girka Solr, ya buɗe ya tarar da allon gudanarwa kawai, ya ce ina wurin binciken? Babu, kai za ka gina shi, ko ka ɗora VuFind, shafin binciken laburare na jami'ar Villanova, a kai. Saboda haka in kai kaɗai ne, kai ke ba da aron littafi kai ke gyaran firinta, ka fara duba waɗanda suka zo a haɗe. Fess, na mutanen Japan, an gina shi kan OpenSearch, shina da ɗan zagayensa da ke shiga shafin intanet da dosiyen Windows da aka raba a rezo, ga akwatin bincike a shirye. YaCy ma na da saitin cikin gida. In kuma laburaren ƙarami ne, kwamfuta biyu ko uku, Recoll ya ishe ku, wanga kan Xapian yake zaune, ba shi da nauyi, ka nuna mishi dosiye ya karance PDF da Word da LibreOffice, akwai kuma ƙarin da ke ba sauran kwamfutocin damar bincike ta burawuza.

Su Solr da Elasticsearch da OpenSearch kuwa tushensu ɗaya. Lucene ne uwar, Doug Cutting ya rubuta ta a 1999 da yaren Java. Solr ya fito daga kamfanin CNET a 2004, aka miƙa shi ga gidauniyar Apache a 2006. Elasticsearch na Shay Banon ne, 2010. A farkon 2021 kamfanin Elastic ya canza lasisi, sai Amazon ta ɗauki siga ta 7.10.2 ta ci gaba da ita da sunan OpenSearch, a 2024 Elastic ya ƙaro lasisin AGPL, OpenSearch kuma ya koma ƙarƙashin gidauniyar Linux. Na kawo tarihin nan ne don ka san kalmar kyauta ba ta isa ba, ka diba lasisin da kuma wa ke riƙe da abin. Wanda gidauniya ke riƙe da shi ya fi kwantar mini da hankali bisa wanda kamfani guda zai tashi da safe ya canza mishi doka. Meilisearch a Faris aka fara shi, da yaren Rust, girka shi ba wuya kuma shina amsawa tun kana cikin bugawa. Typesense shi ma sauri gare shi amma fihirisarsa duka cikin RAM take zama, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, ka tuna da wannan in injinka tsoho ne.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya da kyau, don nan ne manhaja ke faɗuwa a wurinmu, maganar harufa. Muna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Mai karatu da ke bugawa da wayarsa ko da allon AZERTY na biro ba zai sa lanƙwasa ba, kasa zai rubuta ko ƙasa yake nufi. Yawancin manhajoji sun iya cire wa é da è na Faransanci hularsu, don a tsarin Unicode é tana rabuwa ta zama e da alama, sai a jefar da alamar. Amma ƙ ba ta rabuwa, harafi ce guda mai zaman kanta, haka ɓ da ɗ da ƴ. Shi ya sa za ka ga manhaja ta nemo élevage in ka buga elevage, ka yi murna, sai ta kasa nemo ƙasa in ka buga kasa. A gidan Lucene akwai matacin da ake kira ASCIIFoldingFilter, shi ya san harufan nan, shina mai da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b, ƴ ta zama y, kuma Solr da OpenSearch da Elasticsearch duka suna da shi, amma sai ka sa shi da kanka cikin saitin filin rubutu, ba ya kunna kansa. Ka kunna mishi preserveOriginal don ya ajiye siga biyu, mai lanƙwasa da marar lanƙwasa, saboda baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, wanda ya ɗauki wahalar buga ƙ ɗin ya kamata abin da ya nema ya hau sama.

Sai ƴ ɗin nan tamu. Mu nan Nijar ƴ muke rubutawa a littattafan lakwal, ƴan uwanmu na tsallaken iyaka 'y suke sawa, kuma duk laburaren Maradi cike yake da littattafan Kano da Zariya da Katsina, ai Jibiya nan ce kusa. Kalma guda za ka gan ta ƴaƴa, ka gan ta 'ya'ya, ka gan ta yaya, waƙafin saman ma iri biyu ne, miƙaƙƙe da wanda Word ke lanƙwasawa da kansa. Maganinsa a Solr shi ne MappingCharFilter, ɗan fayil ne da za ka rubuta wannan ya koma wancan, shina aiki tun kafin a yanka rubutu kalma kalma, sai ka mai da su duka siga ɗaya. Minti goma ne aikin, amma in ba ka yi ba rabin littattafan Hausarka sun ɓace wa mai nema.

Meilisearch na da sassaucin kuskuren bugu wanda ke burge mutane a gwaji, kuma da gaske shina da amfani, sai dai ka san iyakarsa. A saitinsa na asali kalma sai ta kai harafi 5 ake yafe mata kuskure ɗaya, sai ta kai 9 ake yafe biyu, kuskure a harafin farko kuma biyu ake lissafa shi. Ka duba kalmominmu, ƙasa, ɗaki, ɓera, ƙwai, gajeru ne kuma lanƙwasar a farko take. Saboda haka kar ka dogara ga sassaucin, ka zuba takardar da ke da ƙwari ka buga kwari ka gani da idonka ko ta fito.

Bayan harufa sai sunaye, wanga ma ya fi cin rai. Takardun gwamnati da na jami'a da rubutun Faransanci suke rubuta sunayenmu, mutane kuma da na Hausa suke nema. Tessaoua da Tasawa, Madarounfa da Madarunfa, Tahoua da Tawa, Zinder da Damagaram, Niamey da Yamai. Sunan jami'ar garinmu ma, Dan Dicko Dankoulodo, wani Dikko zai buga wani Dankulodo. Sunayen marubuta haka, Ousmane da Usman, Issoufou da Isuhu da Yusufu. Ba wata manhaja a duniya da ta zo da sanin wannan, kai za ka koya mata. A Solr fayil ne mai suna synonyms.txt, kowane layi ka jera kalmomin da ke nufin abu guda da waƙafi tsakaninsu, gidan rumji, guidan roumdji, shi ke nan. In sunan kalma biyu ne irin wannan ka yi aiki da SynonymGraphFilter a lokacin tambaya, shi ya iya da su. Nan ne kuma za ka haɗa harsuna, wake da niébé, gero da hatsi da mil, gyaɗa da gujiya da arachide, aya da souchet. Aya ɗin nan sai ka yi hattara, manomin aya da mai neman ayar Alƙur'ani kalma guda suke bugawa, to ka sa wa takardu rukuni, noma daban addini daban, don mutum ya tace da dannawa ɗaya. Duk manhajar da za ka zaɓa ka tabbata tana da wurin zuba irin waɗannan kalmomi, kuma ma'aikacin laburare zai iya ƙara layi ba sai an kira injiniya ba.

Jam'i kuma, Lucene na da manazarci na Faransanci da ya san cheval da chevaux abu guda ne, ya san ya cire l' da d', shina da na Larabci ma, amma ba shi da na Hausa. Littafi da littattafai, gona da gonaki, mace da mata, a wurinsa baƙin juna ne. Gonar da gona ma daban yake ganinsu. Abin da nake yi shi ne fili daban ga kowane harshe, kar a bi da rubutun Hausa ta matacin Faransanci ya yanke mishi wutsiya, sannan jam'in kalmomin da aka fi nema in zuba su cikin fayil ɗin nan da kaɗan kaɗan. Ba a gama shi rana ɗaya.

Wani tarkon shi ne PDF ɗin da aka yi da sikana. Hoto ne, ba rubutu a ciki, injin bincike ba ya ganin komi. Gwajinsa da sauƙi, ka buɗe ka gwada zaɓar kalma da linzami, in ba ta zaɓu ba to sai an bi da shi ta OCR, wato manhajar da ke mai da hoton rubutu ya zama rubutu. Tesseract irinta ne, kyauta ne, shina karanta Faransanci da kyau in bugun ya fito sarai, akwai kuma OCRmyPDF da ke saka rubutun a bayan hoton. Tsofaffin memuwar da aka buga da tafireta, da shafukan da ruwa ya taɓa, za su fito da kurakurai, harufanmu masu lanƙwasa kuma na sha ganin sun rikiɗe. Rubutun ajami na hannu kuwa kar ka sa rai da inji, ka zauna da malamin da ya iya karanta shi ku rubuta suna da marubuci da abin da takardar ta ƙunsa, da boko da ajami duka, wannan bayanin shi za a nema.

To maganar cikin gida da waje. Wallahi wannan ita ce ke hana ni barci in na ji wani ya ce zai haɗa komi cikin fihirisa ɗaya. A rezon cikin gida akwai takardun albashi, akwai rajistar masu aro da lambobin wayarsu, akwai jarrabawar da ba a yi ba tukuna. Ɗan zagaye ba ya da kunya, duk ƙofar da ya samu a buɗe shiga yake, kuma ko ka hana a buɗe fayil ɗin, ɗan guntun rubutun da ke fitowa ƙarƙashin sakamako ya isa ya tona asiri. Ni shawarata fihirisa biyu, ta waje ba abin da ke shiga cikinta sai wanda aka ɗauka da hannu aka ce wannan na kowa ne. Fess na iya raba sakamako bisa matsayin wanda ya shiga, amma sai ka gwada da asusun ɗalibi ka gani kafin ka yarda. Kuma kar ka taɓa barin ƙofar injin kanta a buɗe ga intanet, mai lamba 8983 ta Solr, 9200 ta OpenSearch da Elasticsearch. Solr in ka girka shi ba ya tambayar kalmar sirri sai ka sa mishi, duk wanda ya kai ga ƙofar nan zai iya share muku komi. Shafinku ne kawai zai yi magana da injin, mutane su yi magana da shafin. Waɗanda ke aikin nan a Disamban 2021 sun tuna ramin tsaro na Log4j da ya shafi manhajojin Java da yawa har da Solr, to ka tambayi kanka wa zai riƙa sabunta abin in irin haka ta sake faruwa. In shafin naku na waje ƴan shafuka ne marasa canzawa, Pagefind ya wadatar, ba ya buƙatar sabar bincike ko kaɗan, cikin burawuzar mai karatu yake aiki.

Injin da za a ɗora a kai, ku yi lissafi da garinmu. Kuran na tahiya ba sallama, bazara ɗakin sabar kamar tanda, hunturu kuma ƙura. Ranar da na buɗe tamu bayan hunturu, fankar ciki ta yi tabarmar ƙura ja har ba ta juyawa sosai, da burushin fenti na share ta. Masu Java suna son RAM, Solr da 512 MB yake tashi a saitin asali kuma za ka ƙara mishi in takardu sun yi yawa, OpenSearch kuma ƙa'idarsa kar ka ba Java fiye da rabin RAM ɗin injin. In tsohuwar kwamfutar biro ce mai 4 GB aka ba ka, Recoll ko Meilisearch za su fi zama lafiya a kanta. Ondilar, wato batirin da ke riƙe injin in kuran ya tahi, dole ne, ko da mai riƙe minti goma don a kashe injin cikin mutunci. Kuma ka gwada girkawa da bincike ba tare da intanet ba, don ranar da rezo ya yanke binciken cikin gida bai kamata ya tsaya ba. Wajen ajiyar kwafi, fihirisa ba ita ce dukiya ba, ana sake gina ta. Takardun asali da fayilolin saiti, musamman na kalmomin nan da ka tara, su za ka kwafa a diski biyu, ɗaya ya kwana a wani ɗaki daban.

Yadda za ka yanke hukunci kuwa, ka ajiye littafin rubutu kusa da kwamfutar masu karatu sati biyu, duk abin da aka tambaye ka ka rubuta shi yadda mutumin ya faɗa ko ya buga, da kuskurensa duka, kar ka gyara. Ka fitar da tambaya 30 waɗanda ka san amsarsu tana cikin takardunku. Ka ɗebi takardu kamar 200, ka tabbata akwai na Hausa mai ƴ da mai 'y, akwai Faransanci, akwai Larabci, akwai sikan mai kyau da marar kyau. Manhaja biyu kawai za ka girka, uku in ka matsa, fiye da haka gajiya za ka yi ka zaɓi ta ƙarshe. Kowace tambaya ka duba ko takardar da ake nema ta fito cikin biyar na farko, ka sa alama. Sannan ka tashi daga kujerar ka ba abokin aikinka wanda bai san kwamfuta sosai ba, ka ce ya ƙara takarda ɗaya da kalma ɗaya cikin fayil ɗin kalmomi masu ma'ana ɗaya. In ya kasa ko bayan ka nuna mishi sau biyu, ka yi tunani da kyau, don ranar da aka yi maka afektasiyo zuwa wani gari shi za a bar wa abin. Ka rubuta duk matakin da ka bi cikin kaye, da Hausa ko Faransanci, ka ajiye shi cikin durowar da kowa ya sani. Ka kuma duba ko akwai bayanin manhajar da Faransanci, PMB da Koha suna da jama'a masu yawa da ke magana da shi, Solr da OpenSearch kuwa yawancin bayaninsu da Ingilishi ne.

Mu Solr muka tsaya a kai don matatan harufan nan, tare da ɗan shafin PHP a gabansa, amma ƙaramin laburaren wata makaranta da na taimaka wa Recoll na sa musu kuma ya ishe su. Bayan an girka, ka saita shafin ya riƙa ajiye tambayoyin da suka dawo ba sakamako, kalmomin kawai ba sunan mai nema ba. Ni duk ran Juma'a da safe kafin a tashi masallaci nake buɗe su. Satin da ya wuce na tarar wani ya buga cuku sau huɗu bai samu komi ba, alhali muna da rahoto biyu kan sarrafa madara, a cikinsu tchoukou aka rubuta. Na ƙara layi ɗaya, cuku, tchoukou, fromage, na sake loda saitin, na buga cuku, duka biyun suka fito.